Darasin Hannu a Aji Huɗu

Fulatan, Rogo
9 ga Janairu, 1989

Zuwa ga maiɗakina Zaituna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da jaririya da su Inna. Yaya jego, yaya ruwan zafi?

Kada wannan rubutu mai kama da tonon kaza ya tsorata ki. Ni ne, da hagu. An sallamo ni daga asibiti ran Talata. Abin da Yaya Ilu ya faɗa muku haka yake: injin matse rakensa ya kama mini hannun dama, likita ya yanke daga wuyan hannu. Mutane suna ta zuwa jaje, wasu har da hawaye, ni kuwa ido ne nawa. Har yanzu ban ji komai a raina ba. Kada ki katse wanka ki taho.

Hedimasta ya ce sufeto zai zo daga ofishin ilimi ya ga ko zan iya ci gaba da koyarwa. In ban gamsar da shi ba, za a karɓe ajina.

Ki gaishe da Baba da mutanen Yola.

Naki,
Falalu

Fulatan
28 ga Janairu

Zaituna,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan cibiyar yarinya ta warke, kuma kina shan kunun kanwa ba wasa.

Sufeto zai zo ran Laraba. Ki ji ikon Allah: darasin da ya faɗo a makon shi ne sunayen sassan hannu da Turanci. Finger yatsa, thumb babban yatsa, palm tafin hannu, wrist wuyan hannu, fist dunƙulallen hannu. Hedimasta ya so ya canza mini, na ƙi. Shekara tara ina koyar da shi. Nakan faɗi kalma, yara su ɗaga hannu su taɓa wurin. Yaran ajin nan ma tun suna aji uku na koya musu, ko daga barci aka tashe su ba za su kuskure ba.

Allo ne kawai abin tunani. Kullum bayan la'asar ina gwada rubutu da gawayi a bangon ɗakinki. Kya yafe ni, zan sa a shafe.

Mijinki,
Falalu

Fulatan
21 ga Fabrairu

Zaituna,

Ina gaisuwa. Yaya ƙarfin jiki, yaya su Inna?

Sufeto ya zo. Rubutun allo bai ba ni kunya ba. Layin ya karkace, amma ya karantu, har sufeto ya gyaɗa kai. Sai na juyo na ce wa yara su nuna mini thumb. Yara arba'in da biyu, babu wanda ya motsa. Duk sun cusa hannuwa ƙarƙashin benci, kai a sunkuye. Na ce palm, shiru. Na kira Saude, wadda take zuwa ta ɗaya, ta miƙe tsaye, hannuwanta cikin mayafi, hawaye na zuba. Sufeto ya yi rubutunsa, ya ce yara ba sa fahimtar malaminsu.

Daga baya Inna Kande mai ƙosai ta gaya mini dalili. Iyaye ne suka ja wa yaran kunne, wai kada wanda ya kuskura ya ɗaga hannu a gabana, don kada su tuna mini abin da na rasa. Kara suka yi mini. Hedimasta ya rubuta wa ofis bayani, amsa ba ta zo ba. Takardar da ta zo ita ce ta mayar da ni sito, ina tsaron alli da tsintsiya.

Na nemi fushi a zuciyata ban samu ba. Da wa zan yi? Ina ci, ina salla, ina zuwa aiki.

Jiya na bi ta bayan tagar ajin, na ji sabon malami yana maimaita darasin. Na tsaya na leƙa. Hannu arba'in da biyu a sama, Zaituna, babu wanda ya yi kuskure ko ɗaya.

Allah ya dawo da ku lafiya.

Naki,
Falalu