Sani Ya Sauko da Mashin Kaka

Yaya Mamman,

Gaisuwa mai yawa. Yaya aiki, yaya zafin Agadas? Ina fata Hadiza da yara suna lafiya. Inna lafiya, sai ƙafar nan.

Ran Juma'a na je gida Dumega. Ban ko ajiye jaka ba Inna ta ce, "Ke da kinka yi jami'a, mi ne ne barade?"

Na ce mayaƙan dā ne, masu doki da dogon mashi, waɗanda ake turawa gaba.

Ta ce, "To, ƙanenku ya zama barde."

Tun da aka sace shanu samarin gari suka sa wa kansu sunan. Dokinsu moto, wato babur. Sani ya sauko da mashin Kaka daga rufin ɗaki, har ya wasa shi. Na tambaye shi ina abokan gaban. Ya nuna rugar su Altine, masu kiwon shanunmu tun zamanin Baba.

Na ce, "A karatuna ban ga inda barade suka yaƙi masu tallar nono ba."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Yaya, koma gidanki Dutsi kafin ranar kasuwa." Ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, ni kuma na kama hanya.

Ina tsoron ranar kasuwa za su faɗa wa rugar. Maganarka kaɗai yake ji, ka kira shi yau. A sa mu a addu'a. Ka gaida Kawu Illo.

Ƙanwarka,
Rabi