Ni Na Sa Aka Kama Mai Cafe Min Ƙwallo

Assalamu alaikum Malam Edita, tare da gaisuwa ga duk masu karanta wannan shafi. Jaridarku tana iso mana nan Riyad a jakar matafiya, mu yi ta karɓa-karɓa har ta yage. Ka ɓoye sunana don Allah. Ku kuma masu karatu, kada ku yi saurin tsine min, ku bari ku ji ƙarshe. Na san na yi abin kunya, amma ni ma an yi min, kuma har yanzu da nake rubutun nan zuciyata ba ta huce ba.

Shekarata huɗu a ƙasar nan, direba ne ni a wani kamfanin Amurkawa mai shimfiɗa titi, masaukinmu yana hanyar Dir'iyya. Turawan nan suna da wani wasa da suke kira besbol. Mutum ɗaya ya jefa ƙwallo mai tauri kamar dutse, na biyu ya yi ƙoƙarin dukanta da sanda, na uku yana tsugune a bayan mai sandar da ragar ƙarfe a fuska da safar fata a hannu, shi ne mai cafewa. Kamfanoni suna karawa da juna duk Juma'a bayan la'asar idan sanyi ya shigo, da zafi kuwa a rufe fili, don ko Bature bai kai haukan tsayuwa a ranar Riyad ba. Mai kula da ƙungiyarmu wani dattijon injiniya ne, Mista Hal. Ra'ayinsa ɗaya ne, ba ya neman ɗan wasa daga waje, daga cikin ma'aikata yake zaɓa ya koya musu. Wata rana ƙwallo ta faɗo kusa da motata, na ɗauka na wurga musu ita daga bakin wayar shingen fili, ta tafi ɗoɗar har hannunsa. Ya biyo ni da gudu yana tambayar inda na koyi jifa. Na ce a gonar babana, wajen korar tsuntsaye daga gero. Shekara guda ya yi yana gyara min tsayuwa da riƙo, a ta biyu na zama mai jifan ƙungiya.

Ni na kawo Ɗanladi, ba sunansa na gaskiya ke nan ba. Ɗan garinmu ne, na girme shi da shekara uku, Yaya yake ce min. Na tarar da shi yana hawan dabino a gonar wani Balarabe wanda shi ne kafilinsa, wato mai sunan da ke kan iƙamarsa ta zama. Balaraben ya sake shi da baki, ba a takarda ba, ni kuma na cusa shi cikin leburorinmu. Ni na roƙi Mista Hal ya gwada shi a cafewa, ni na yi ta jifansa bayan tashi aiki har tafin hannunsa ya daina kumbura. Sauran ƙungiyoyi da yatsu mai cafewa yake yi wa mai jifa ishara a ɓoye, mu kuwa da Hausa muke yi, da ƙarfi. “Yaya, ta ƙasa, wannan mai tumbin ba ya iya sunkuyawa!” Bature yana tsaye yana murmushi bai san da shi ake ba. Saboda wasan nan aka ɗauke mu daga tantin leburori aka ba mu ɗaki mai na'urar sanyi, aka mayar da ni tuƙin injiniyoyi a cikin gari. Masu gadi da da ba sa amsa sallamata suka koma miƙewa.

A ƙarshen wasannin bara kafaɗata ta dama ta fara ciwo. Ban gaya wa kowa ba sai Ɗanladi. Shi ya raka ni unguwar Badaha wajen wani wanzami ɗan Damagaram aka yi min ƙaho, shi ya riƙe min riga. A hanyar dawowa na ce masa, “Maganar nan tsakanina da kai ce, hutun zafin nan zai ishe ta ta warke.” Ya ce, “Haba Yaya, sai ka faɗa?” Ku riƙe wannan, shi ya ce sai ka faɗa.

Cikin hutun ne komai ya juye. Aka kawo sabon manaja mai son cin kofin gasa kamar ransa, ya ce shekara uku ana koyar da direbobi ba a ci komai ba. Ya ture Mista Hal gefe, ya ɗora wani matashi a kan ƙungiya, suka ɗauko ƙarti biyu daga ƙasarsu. A takarda masu gyaran lantarki ne, amma wallahi ɗayansu ban taɓa ganinsa riƙe da waya ba, jifa aka kawo su yi. Sunaye goma sha biyar kowace ƙungiya take miƙawa. Ranar da aka manna takardar a ƙofar ɗakin cin abinci na karanta ta sau uku, sama zuwa ƙasa, ƙasa zuwa sama. Ga Ɗanladi, babu ni. Kafin sati ya zagayo an karɓe mukullin ɗakin, an miƙa min na tankar ruwa, aka tura ni aikin titin kudu can bayan unguwar Shifa, inda ko inuwar sanda babu. Mista Hal ne ya gaya min, yana kallon ƙasa, wai sabon kocin ya kira mai cafewa ya tambaye shi lafiyar hannuna, don a wasan nan ba wanda ya san hannun mai jifa kamar mai karɓar ƙwallonsa.

Na tare Ɗanladi a ƙofar masallacin ma'aikata. Na ce, “Kai ka gaya musu?” Ya ce, “Yaya, tambayata aka yi.” Na ce, “Da aka tambaye ka bakinka ba ya rufuwa?” Ya ce, “Ƙwallonka ta daina zafi a hannuna tun kafin a rufe fili, ka sani na sani. In na yi ƙarya suka saka ka, hannun ya tsinke gaba ɗaya, da me za ka riƙe sitiyari?” Kun ji fa, wai taimakona ya yi! Mutumin da na sauko da shi daga kan dabino shi ne yau likitana. Ko kalmar yi haƙuri bai furta ba, ya sa takalminsa ya wuce wajen atisaye da sababbin iyayen gidansa.

Wata biyu ina jan tanka ina cin zuciyata. In na dawo da yamma sai na hango shi ta waya yana tsugune, yana koyon ishara da yatsu, yana dariya da mutanen da suka ci gurbina. Me na yi masa? Ashe duk jifan da na yi masa hannuna nake kashewa don ya samu gado mai sanyi? Sai na tuna dokar wasan, duk sunan da aka miƙa dole iƙamarsa ta kasance a ƙarƙashin kamfanin. Ta Ɗanladi kuwa har gobe sunan mai gonar dabino ne a kanta, kuma ni kaɗai na sani. Ya tona nawa, na ce zan tona nasa, a goge sunansa kamar yadda aka goge nawa, ya dawo tanti mu yi zufa tare. Iyakar niyyata ke nan, ko in ce iyakar abin da na gaya wa kaina ke nan.

Ba na iya rubuta Turanci, don haka na je wajen masu rubuta wa mutane takardar koke, waɗanda ke zama da tebur a ƙofar ofisoshin gwamnati. Na ce da wani tsoho ya rubuta wa kwamitin wasa cewa akwai ɗan wasan da ba ma'aikacin kamfani ba ne. Tsohon bai san wani kwamitin wasa ba, koke iri ɗaya ya iya duk rayuwarsa. Ya rangaɗa shi da Larabci, mutum kaza yana aiki a wurin wanda ba kafilinsa ba, ana roƙon hukuma ta duba. Na jefa ta a akwatin kwamiti ba suna. Turawa ba sa karanta Larabci, sai suka miƙa wa mu'aƙƙib, Balaraben da ke kai wa kamfani takardu ofishin gwamnati, ya fassara musu. Shi kuma da ya gani, don ya wanke kansa, ya wuce da ita jawazat, ofishin shige da fice. Zan ce ban san haka za ta faru ba? Na san ba sa jin Larabci, na san wanda yake karanta musu. Tsohon ma ya karanta min ita kafin ya naɗe, na ce ta yi.

Da hantsi jami'an jawazat suka zo, Ɗanladi yana cikin tankaɗe yashi, suka tafi da shi ko takalmi ba a bar shi ya canza ba. Da labari ya iske ni a bakin rijiya, wallahi ba zan ɓoye muku ba, sanyi na ji a raina kamar na sha ruwan randa. Sai daga baya gabana ya fara faɗuwa.

Saura kwana tara a buɗe wasa, ga ƙartin jifa biyu, ba mai cafe musu. Matashin kocin nan da ya goge sunana ya zo har gindin tankata yana washe baki, wai ni na fi kowa sanin yadda Ɗanladi yake yi, kuma cafewa ba ta cin kafaɗa kamar jifa. Na karɓa. Aka mayar min da ɗakin, aka miƙo min ragar fuskarsa da safarsa, har yanzu warin guminsa yana ciki. Juma'a biyu ke nan ina tsugunawa inda yake tsugunawa, ana tafa min.

Mista Hal bai zauna ba. Ya je gonar dabino ya shawo kan Balaraben ya yarda a mayar da iƙamar kan kamfani, amma mu'aƙƙib ya ce takardar koken tana nan a buɗe, ba za a rufe ta ba sai wanda ya shigar ya zo da ƙafarsa ya sa hannu ya janye. In ba haka ba, bayan aikin Hajji za a haɗa shi da jiragen alhazai a mayar da shi gida, ba dawowa. Dattijon ya dafa ni ya ce in taimaka in binciko ko wane ne cikin mutanenmu. Na ce to, zan bincika.

Ranar Alhamis na je ganinsa inda ake tsare da su. Ya rame, an aske masa kai. Na tafi da niyya ɗaya, in ya ce min “Yaya ka yafe min,” daga nan ofishin zan wuce in sa hannu, ko da za a kore ni daga aiki, ko da duk Hausawan Riyad za su daina gaisawa da ni. Kun san me ya ce? Ashe ya ji ni aka ba safarsa, sai ya riƙe ƙarfen taga ya ce, “Yaya, dogon nan cikin ƙartin jifa in ya ɗaga gwiwa sosai ta ƙasa zai jefo, ka kare maƙogwaronka. Kuma kada ka yi jifa mai nisa, kafaɗar nan ba ta warke ba.” Yana kulle, matarsa da 'ya'yansa biyu a gida sun dogara da aikin nan, amma har yanzu gani yake shi ne mai gaskiya a kan kafaɗata. Na fito ban bi ta ofishin ba.

Saura sati biyar a hau Arfa. Ba zan iya ce masa ya ba ni haƙuri ba sai na gaya masa abin da ke hannuna, in kuwa na gaya masa, ni ne zan koma mai neman gafarar wanda ya fara cin amanata. Jama'a, in je in sa hannu in fito da mutumin da bai san ya yi min laifi ba, ko in bar jirgi ya ɗauke shi yana yi min addu'a? Me zan yi?