Na Zana Fangalin Inna Biba, Ya Mutu

Gwaggo Furera, don Allah ki taimake ni da shawara kafin ƙarshen watan nan, na rasa inda zan sa kaina. Na rubuta wasiƙar nan na yage na sake, in kin ga maganar ba kan gado ki yi haƙuri, haka zuciyar take.

Ni ƴar Koona ce, aure ya kawo ni Tasawa. Maigidana ya tafi ci-rani ƙetaren iyaka tun da geron bara ya ƙone a tsaye, aka rufe iyaka yana can, sai saƙon baki. Ina zaune da uwarsa da ɗiyata Hawwa, wadda ko lakkwal, wato makarantar boko, ba ta isa shiga ba. Da sojojin da ke mulki suka ce kowa ya kama noman rani, aka gina rijiya a bakin gari, aka kewaye wurin da ƙaya, aka raba wa mata fangula. Na samu biyu.

Gwaggo, ban san yadda zan gaya miki daɗin garkar nan ba, wato lambun namu. Ko'ina ka duba fari fat, dabbobi sun ƙare, amma kana tura ƙyauren ƙayar nan sai sanyin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tare ka. Yanzu da ɗari ya wuce zogale ya yi fure, ƙudan zuma har sun gano mu, ban san daga ina suka fito ba. Wani lokaci in na gama ban ruwa sai in rasa abin da ya hana ni tafiya gida.

To, a gidan mata na gari an buɗe atiliye na koyon zane da rini. Madam Hasana ke koya mana, Kirista ce, mace mai haƙuri, ba ta taɓa ce wa kowa hannunki ya yi nauyi ba. Tana sa mu fara zana abu a takarda, sannan mu maida shi kan yadi, mu ɗaure da zare, mu tsoma a galura. Ta ce kada mu kwaikwayi furannin atamfa, kowa ta zano abin da idonta ya gani. Ni kuwa abin da nake gani garka ce. Na zana ganyen zogale, na zana kan albasa, har igiyar guga. Tun da aka haife ni ban taɓa yin abin da ya mantar da ni yunwa ba sai wannan.

Fangalin da ya fi kowanne kyau na Inna Biba ne, tsohuwar da nata ke maƙwabtaka da nawa. Salati da tumati, layi ɗoɗar. Na zauna na zana shi a gaban kowa, mata suna leƙowa suna dariya. Ita ma ta leƙa ta yi tsaki ta wuce, amma ba ta hana ba.

Ina son tsohuwar nan, wallahi. Bayanta na ciwo, guga ɗaya sai ta huta. Mu kuma a atiliye in mun gama rini da ɗauraya, Madam sai ta ce a zubar da ruwan a wani rami bayan katanga. Abin yana ci mini rai. Ruwa fa, a shekara irin wannan, da ko na wanke kwano ba ma zubarwa a banza. Na ce a raina halin mutanen birni ne. Sai na riƙa ɗurawa a bido, wato jarka, ina kawowa, in zuba wa fangalinta da safe kafin ta iso, don in rage mata jan guga. Ban gaya mata ba, kada ta ce na maida ita abar tausayi. Ki ga irin zaman da nake yi da ita, amma ga sakayyar da na samu.

Ba a yi mako ba salatin ya yi baƙi ya kwanta, tumatin ya bi shi. Fangali ɗaya tak a duk garkar, kuma shi ne wanda na zana.

Yanzu maganar da ake yi ke nan, wai na ɗauke kurwar shukar na sa a takarda. Ba a faɗin kalmar a gabana, amma kin san ta. An fara tambayar su waye dangin uwata a Koona. In na doso rijiya sai mata su rufe kwandunansu. Abin da ya fi kashe ni, jiya Hawwa ta ɗauki ɗan kwanonta ta je cin abinci da yaran maƙwabta, aka kira su ɗaya bayan ɗaya, ta dawo tana tambayata laifin da ta yi.

Uwar mijina ta ce in ƙona takardun a gaban kwamitin garka in sun zauna ƙarshen wata, in bar atiliye, magana ta mutu. In na ƙona, ai na amsa ke nan. In na ƙi, za a ce ina riƙe da abin. Wani sa'in har ni kaina sai in ɗauko zanen in zuba masa ido, in ce ko dai akwai abin da ban sani ba a jikina. Ba na iya zama, ba na iya tsayuwa. In koma Koona ne? In ƙona? Sunan nan in ya manne wa Hawwa, har jikokinta sai sun ɗauka.

Taki,
Baƙuwa a Garkar Tasawa

Ɗiyata,

Sanyaya ranki. Ke ba mayya ba ce, takarda kuma ba ta kashe salati. Abin da ya kashe fangalin Inna Biba yana cikin bidonki.

Rinin da kuke yi ba na baba da toka ba ne irin na marinar kakanninmu. Galurar zamani da soda ake haɗa ta, kuma soda na ƙona saiwa yadda take cin hannu. Shi ya sa Madam Hasana take kai ruwan rami. Ba almubazzaranci ba ne, sai dai da ta faɗa muku dalili da ba mu kai nan ba. Ke kuma kin yi abin da duk wadda fari ya horar za ta yi, kin ƙi zubar da ruwa. Niyyarki kyakkyawa ce, amma ɓarnar ta hannunki ta fito, wannan sai ki haɗiye shi.

Kada ki riƙe matan garka a zuci da yawa. Sun ga zane, sun ga mutuwa, ba su ga bido ba, tunda a ɓoye kika yi. Mutanen da suka binne dabbobinsu bara ba su da haƙurin jiran bayani. Uwar mijinki ma tsoro ne ya sa ta ce a ƙona, jikarta take karewa. Inna Biba kuwa abincinta ne ya tafi, da ƙarfin bayanta.

Kada ki ƙona ko ƙyalle, kada ki koma Koona, guduwa ma amsa laifi ce. Ki fara zaunar da uwar mijinki ki gaya mata komai. Ku je gidan Inna Biba tare, tun kafin kwamiti ya zauna, don ta ji daga bakinki, ba daga bakin rijiya ba. Ki durƙusa ki nemi gafara. Ki ba ta ɗaya daga cikin fangulanki yadda yake, da shukarsa, wanda ya fi kyau. Nata kuma ki kwashe ƙasar saman ki fitar bayan shinge, ki zuba sabuwa da taki. Za ta yi faɗa, ƙila ta zage ki. Ki tsaya ki sha.

Sannan ki roƙi Madam Hasana ta zo garka. A tona tushen salati ɗaya wanda ba wanda ya taɓa zana shi, a sa a tsohuwar ƙwarya nesa da rijiya, a zuba masa ruwan nan a gaban kowa, a bar shi a hannun shugabar kwamiti. Ido zai yi abin da baki ba zai iya ba. Bidon kuma kada ya sake ganin ruwan sha, ki kawar da shi daga inda Hawwa take wasa.

Ba zan ruɗe ki ba, za a samu masu ci gaba da raɗa. Maganinsu yana hannun tsohuwar nan. In ta huce, kada ki roƙe ta ta yi miki shaida a taro. Ki dafa ɗan kwaɗon zogale, ki ba Hawwa ta kai mata garka da hantsi, lokacin da mata suka cika bakin rijiya. Ranar da aka ga Inna Biba ta sa hannu a kwano ɗaya da ɗiyarki, ba wadda za ta ƙara kiran ɗanta gida.

Atiliye ki ci gaba da zuwa. Gaba in za ki zana kayan wani ki nemi izini, in za ki taimaki mutum ki bari ya sani. Allah ya wanke sunanki, ya dawo da maigidanki lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Ki shafa mini kan Hawwa.

Gwaggo Furera