Wayoyi Takwas

Yaya,

Gaisuwa mai yawa gare ki, da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna, kumburin ya sauka?

Ni lafiyata ƙalau, kada ki damu. Ana koya mana haɗa kwamfutocin ofis su riƙa magana da juna, kuma ina ganewa sosai. Matsala ɗaya ce. Cikin kowace kebul akwai siraran wayoyi takwas masu launi, dole a jera su daidai kafin a matse kan. Na haɗa goma sha biyu, na'urar gwaji ta ƙi tara. Malamarmu ta ɗaga waya biyu ta ce, "Wacce ce koriya?" Na nuna. Sai ta ce, "Ka taɓa ganin likitan ido?"

Na je. Ya ce ba na bambanta kore da ruwan ƙasa, haka aka haife ni, kuma babu magani. Kin tuna dariyar da kuke min in na saka safa kala biyu? Ashe ba shirme ba ne.

Ranar Alhamis za a gwada mu, wanda ya faɗi kamfanin da ya kawo mu koyon aikin zai mayar da shi gida. Abokin zamana ya ce zai riƙa tari in na ɗauki wayar da ba ita ba. Na ƙi, amma ban daina tunanin ba.

Kada ki gaya wa Inna. Ki ce ta sa ni a addu'a, kuma kada a ba kowa ɗakina tukuna.

Allah Ya bar zumunci.

Ƙaninki