Gurbin da Na Cike da A'a

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara masa sauƙin ƙafar nan, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Mu nan lafiya lau, gwargwadon abin da tsufa ya rage mana. Matar ɗana Direba ta sauka lafiya, an samu mace, mai dogon goshi irin na gidanmu. Ni kuwa ina nan a kujerar da kika sani a bakin taga, ina kallon yaran da na koya wa rubuta wasiƙar ofis suna wucewa a mota. Wasu su ɗaga mini hannu, wasu su ɗaga gilashi. Shekara talatin da biyar ina akawu, abin da na fito da shi biro ne da ciwon baya.

Maganar ɗiyata Takwara ce ta sa na ɗauki biro yau. Kin san yadda jikinta ya yi nauyi. Yanzu abin ya wuce na zolaya. Suga ya kama ta, jininta ya hau, gwiwoyinta sun ƙi, har salla a zaune take yi, tana da shekara talatin da shida. A makarantar da take koyarwa an mayar da ajinta ƙasa, saboda matakala goma sha biyu sun gagare ta. Likitoci sun ce mafita ita ce tiyata, a rage mata tumbi ya koma kamar ɗan kofin shayi. Na yi ta mamakin wannan zamani. Mun taso ana neman abin da za a sa a ciki, ga shi mun rayu har mun ga ana yanke cikin. Amma ta amince, mijinta ya amince, ni ma na ce Allah ya sa a dace.

To, kafin a sa mutum a layi sai ya cike fom mai shafi shida. Kin san tun muna yara duk takardar da ta shigo gidanmu hannuna take zuwa. Ni na cike ta fanshon Baba, ni na cike taki ta shiga makarantar jinya, shi ya sa har yau ake ce mini Mai Biro. Takwara ta kawo mini fom ɗin kamar yadda aka saba, ta ajiye, ta shiga kicin. A shafi na huɗu aka tambaya ko mai neman tiyata ta taɓa fama da ciwon damuwa ko wata larurar ƙwaƙwalwa, ko ta taɓa shan magani a kai. Ban ko ɗaga kai ba na rubuta a'a. A ofis abin da na koya ke nan: gurbin da zai jawo wata tambaya, a rufe shi. Na ninke na ba ta, ita kuma ba ta duba ba, don ba a duba aikina.

Ranar ganawa da likitoci na raka ta asibiti. Muka zauna a wani dogon baranda mai kujeru masu faɗi, an yi su musamman don masu jiki, ni na zauna a ɗaya kamar tsinke a faranti. Na zaci likitan wuƙa za mu gani, sai aka kira ta ɗakin likitar ƙwaƙwalwa. Bayan kusan awa guda aka ce in shigo. Likitar yarinya ce, ba ta kai Takwara ba, ga fom ɗin a buɗe a gabanta, shafi na huɗu. Ta gaishe ni da ladabi, ta yaba kyan rubutuna, sannan ta ce abin da ke takarda da abin da ta ji daga bakin mai jikin sun saɓa. Ashe Takwara ta faɗa mata komai: shekarar da mahaifiyarta ta rasu, yadda ta daina magana, ta daina wanka, ta kulle kanta a ɗakin marigayiya, da wata bakwai da ta yi a wurinki. Ramin ƙarya ƙurarre ne, Auta, amma ban taɓa zaton ɗiyata ce za ta tsaya a ƙarshensa ba.

Na so in yi fushi, sai son sani ya rinjaye ni. Na tambayi likitar me ya haɗa mai yankan ciki da abin da ke cikin kai. Ta ce wani yana ci ne don yunwa, wani kuma don ya danne abin da ke taso masa. Idan aka rage tumbin irin wannan mutum ba a shirya shi ba, an rushe masa wurin fakewa ne, damuwar kuma tana nan tana jira. Ta ce tsohon ciwo ba ya hana tiyata, da yawa an yi musu sun samu lafiya, abin da suke tsoro shi ne ciwon da ba a san zurfinsa ba. Sai ta ƙara wata magana da har yau take yi mini yawo a kai, wai cikin magungunan irin wannan larura akwai masu sa ƙiba. Auta, haka ne? Ke ce ma'aikaciyar jinya. Don ina tuna ranar da Takwara ta dawo daga wurinki ta yi kumatu, na ce a gaban mutane gwaggonta ta iya kiwo. Shekara goma sha huɗu ina yi mata ba'ar cokali. Idan ƙwaya ce ta fara wannan aiki, to ni da me nake ta dariya?

Kin tuna abin da na ce a faɗa wa dangi a lokacin, wai ta tafi koyon ɗinki. Ta dawo ko maɓalli ba ta iya ɗinkawa ba, babu wanda ya ce uffan. Na yi haka ne don kada a yi mata tambari, kada mai neman aurenta ya ji ya juya. A hanyarmu ta dawowa daga asibiti na ce mata yanzu sai mu san yadda za a yi kada maganar ta kai kunnen mijinta. Ta dube ni kamar ta ga yaro ya sa takalmin babansa, ta ce ai tun kafin a ɗaura aure ta faɗa masa, kuma shi ne ma yake raka ta ganin likita duk lokacin da ta ji abin yana neman dawowa. Ta ce Direba ya sani, matarsa ta sani, shugabar makarantarsu ma ta sani. Ashe shekara goma sha huɗu ina gadin ƙofa, gidan kuwa babu katanga. Da ilimina da komai, ni kaɗai ne ban san labarin ɗiyata ba, kuma ni na hana a faɗa mini.

Ga inda kika shigo. Likitocin za su zauna a kan fayil ɗinta nan da mako shida. Idan bayanin bai cika ba sai a ɗaga zuwa wani zaman, gwiwoyinta da sugan kuwa ba su san jira ba. Suna son sunan maganin da aka ba ta, tsawon lokacin da ta sha, da yadda aka yi ta daina. Suna kuma son sanin ko a watannin nan ta taɓa yunƙurin cutar da kanta. Ita ta ce tsakiyar lokacin ya ɓace mata, abin da take tunawa labulen ɗakinki ne kawai mai ruwan ɗorawa, da ke kina taje mata kai. Na san halinki, ba kya yar da takarda. Idan katin asibitin yana nan cikin akwatinki, ki ɗauki hotonsa ki tura mata a waya, ki rubuta abin da kika gani da idonki ki sa hannu. Kada ki gyara komai don ni. Na riga na yi gyaran da ya ishe mu.

Bayan wannan ina roƙonki wata takardar daban, tawa. Ki faɗa mini yadda kwanakin suka kasance. Me take ci, me take cewa, ranar da ta fara magana me ta fara faɗi? Ta taɓa tambayata? Sau biyu kacal na kira ki a wata bakwai ɗin, kuma duk biyun ina jin kin ɗauki numfashi za ki fara bayani sai in ce to madalla, a ci gaba da addu'a. An ce matambayi ba ya ɓata. Ni na ƙi tambaya, ga inda na tsinci kaina. Ko amsar tambayar nan ta likitoci, ta yunƙurin cutar da kanta, e ce, ki rubuto. Gilashin karatuna biyu ne, zan karanta.

An ba ta sabon fom. Jiya da hantsi ta zo da shi, na gyara zama na miƙa hannu kamar kullum. Ba ta ba ni ba. Ta jawo kujera ta zauna a teburina, ta ce in ara mata biro. Na ba ta wanda na yi ritaya da shi. Ta kai shafi na huɗu ta rubuta e da manyan baƙaƙe, ta bar layukan ƙasa babu komai, ta ce wannan wurin na Gwaggo ne. Rubutunta bai kai nawa kyau ba, amma ban ga abin gyarawa ba.

Ki gaishe mini da maigidanki da jiki, da Babangida, da 'Yar Baba, da Ƙaramin Likita idan ya zo hutu. Takwara tana gaishe ki, ta ce har yau babu mai taje kai kamarki. Direba da mai jego suna gaisuwa. Allah ya bar zumunci, ya sa mu ji alheri.

Ni ne yayanki,
Mai Biro