Tukunyar Mamuda

Litinin, 4 ga Agusta, 2025
Bahijja ta dawo daga Kano da labari. An ba ta gurbin karatu a ƙasar waje, ilimin nukiliya. Wai ƙasar nan ko ta gina tashoshin wutar nukiliya ko mu dawwama a duhu, kuma tana so a yi da ita. Baffanta Shafi'i ya ce sai abin da uwarta ta ce. To, na ce a'a. Ni Sa'adiyya, 'yar da na haifa ta je ta yi wa dutsen da ya cinye ƙirjin ubanta bauta? Ba da yawuna ba.

Alhamis, 7 ga Agusta
Garinmu Babura ba wuta tun makon jiya. Bahijja ta kalli fanka, ta kalle ni. Na yi kamar ban gani ba.

Mijina Mamuda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ramin yuraniyom, can arewacin Nijar. Abu biyu ya dawo mana da su: tari, da babbar tukunyar dalman nan da maƙeran can suka zuba masa da tarkacen ƙarfen wurin aiki. Tarin ya tafi da shi. Tukunyar ta zauna. Ba suna ba biki a unguwar nan da ba a zuwa aronta, ni kuwa har daɗi nake ji, ina cewa ladan na kai masa.

Lahadi, 10 ga Agusta
Mun yi ta da Bahijja yau. "Umma, ba dutsen kaɗai ya kashe Baba ba, har da rashin mai gaya masa." Na ce ta rufe mini baki. Ba ta ci tuwo ba. Ni ma.

Laraba, 13 ga Agusta
Ta je Kano ta aro wata 'yar na'ura mai gano gubar yuraniyom wurin malaminta, kamar rediyon hannu. Wai ta daɗe hankalinta bai kwanta da tukunyar ba. Na ce auna, in kin gama ki auna ni. Ta bi ɗaki, ta bi randa, shiru, sai ɗan ƙas jefi-jefi. Tana kai ta bakin tukunyar sai ta ɗauki ƙara kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai.

Na zauna a ƙasa.

"Umma, ban ce ta cutar da kowa ba, ban sani ba. Amma kar a sake girki a ciki sai masana sun duba."

Masu jego nawa suka sha kunun kanwa daga cikinta? Da hannuna nake miƙawa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ji tsoro, na kuma ji haushin Mamuda, Allah ya yafe mini. Shi ma bai sani ba.

Juma'a, 15 ga Agusta
Maƙwabciyata Hajja Kaka ta shigo aro, gobe sunan jikarta. Na yi niyyar cewa ta ɓule, bakina ya ƙi. Na gaya mata gaskiya. Sai ta ce, "Sa'a, ba don yarinyar nan ba, wa zai gaya mana?"



Asabar, 23 ga Agusta
Malamin Bahijja ya turo mutane sun tafi da tukunyar, an naɗe ta a leda mai kauri. Wurinta a madafa ya zama fayau, sai zagayen da gindinta ya bari a ƙasa.

Har yanzu ban yarda da tasharsu ba. Tsoronta nake ji. Amma masu ginawa ba za su zo neman shawarata ba, kuma ma'aikatan da za su shiga ciki 'ya'yan wasu ne.

Ban ce wa Bahijja je ki ba. Na dai sayo nama da safe, na fara dambu, irin wanda ke daɗewa a jakar matafiyi. Ta tsaya a ƙofar madafa tana kallona, idonta ya kawo ruwa.

Na ce, "Tsayuwar me kike yi? Miƙo mini tukunya. Sabuwar."