Kujeruna Ba Su da Jam'iyya

Da sunan Allah nake farawa. Ni ce mahaifiyarku, wadda unguwa ta sani da Mai Kujeru. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi sai da dabara, amma hankalina yana nan daram, kuma ba wanda ya tsara mini abin da zan faɗa. Likita yana ta kewaye-kewaye, ni kuwa na gane karatunsa. Ku uku na haifa: kai Babba, da yanzu ake ce wa Kansila, ke Malama, da ke riƙe mini alƙalami, sai kai Auta, mai walda. Ku karanta wannan a zaune wuri ɗaya, ba kowa a ɗakinsa ba.

Na ɗaya. Gida da abin da ke cikinsa a raba yadda shari'a ta tsara. Ɗakin bakin ƙofa kaɗai nake roƙo ku bar wa gwaggonku har ƙarshen ranta. Bakinta da kaifi, na sani, amma bayanta ne ya goya ku lokacin da nake bin motar kaya daga wannan taro zuwa wancan. Tsanin da ke sito na maƙwabcinmu kafinta ne, a mayar masa.

Na biyu. Kujeru, rumfuna, lasifika da janareta, ina roƙonku kada a sayar, kada a tsinka su. Makullin sito ya zauna a hannun Malama, bisa wani sharaɗi. Kafin in faɗe shi, bari in faɗi abin da ya hana ni barci.

Da hayar kujerun nan na ciyar da ku bayan rasuwar mahaifinku. Na kai su gidan biki, na kai su gidan makoki, na kai su taron kowace jam'iyya, ban taɓa tambayar mai haya wa ya zaɓa ba. Da hukuma ta tashi faɗaɗa titin bakin kasuwa, kai Babba ka sa mota ta zaga tana shelar taron jama'a a ɗakin taro na hukuma. Ni na kai kujerun, na tsaya ana jerawa. Mutane na fara zuwa sai ga samari a bakin ƙofa da hular jam'iyyarka, suna duba katin jam'iyya. Mai kati ya shiga, marar kati ya koma. Teloli, masu gyaran waya, mai sayar da katako, mutanen da rusau ɗin zai ci, suka yi cirko-cirko a rana, a ciki kuwa layukan baya ba kowa.

Auta ya zo da kayan aikinsa a jiki. Ya gaya musu shagonsa na cikin waɗanda za a rushe, kuma shi ƙanin Kansila ne. Suka ce ƙanin da ya zaɓi wani ba shi da wurin zama. Aka fara ture-ture, ya faɗi a kan matakala, wuyan hannunsa na dama ya karye. Kai Babba kana zaune a babban tebur, ƙofa a buɗe, ka ɗago ka gani, ka mayar da idonka kan takarda. Ba labari aka ba ni ba, ina wurin.

Hannun bai ɗoru daidai ba, har yau rawa yake in ya riƙe ƙarfe. An rushe shagon. Sababbin rumfunan kasuwa kuma waɗanda suka shiga taron ne suka rabe su. Tun ranar ko gaisuwa ba ta haɗa ku.

Na uku, naka ne Babba. Na ji hujjarka, kuma ban raina ta ba. Ka ce taron da ya gabata 'yan adawa ne suka tayar da shi da ihu da jifa, ba a tsinana komai ba. Gaskiya ne, ni na kwashe karyayyun kujeru. Amma mai sanda ake tarewa a ƙofa, ba mai wata hula ba. In taron jam'iyyarku ne, ku rufe ƙofa ku sa sakata, ba ruwan kowa. In kuwa maganar titi ce, ko ruwa, ko asibiti, to wanda ya ƙi ka a akwati ma titin nan yake bi, kuma da harajinsa ake biyanka. Shugaban da ya tara masu tafi kaɗai, ranar da rufi zai faɗo masa ba mai ce masa ya kauce. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Ga sharaɗin, Malama. Duk mai muƙamin da ya kira taron jama'a sannan ya ce sai mai kati, kada ki ba shi ko kujera ɗaya, ko da yayanki ne. Na san na ɗora miki nauyi, za a ce kin yi rashin kunya. Ki ce umarnin uwarki ne.

Na huɗu. Babba, ka taka da ƙafarka zuwa gidan ƙaninka, ba da motar ofis ba, ba da 'yan rakiya ba, ka nemi gafararsa. Sannan ka sake kiran mutanen bakin titin, ka zauna su faɗa maka mai ɗaci. Ba za ka mutu ba.

Kai ma Auta ban wanke ka ba. An ce da kai cikin masu ihu a taron da aka karya mini kujeru. Ban gani ba, kai ka san gaskiya. Na kuma ji abokanka suna cewa ranar da naku ya hau, su ma za su tsaya a ƙofa su rama. In ka tsaya tare da su, ban yafe ba. Kai ka san zafin matakalar nan fiye da kowa. In yayanka ya zo, ka ba shi wurin zama. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Na biyar. Ranar da za a kai ni, kada in zama taron siyasa. Kowa ya bar hularsa ta jam'iyya a gida, duk wanda ya zo gaisuwa a karɓe shi.

Ban sani ba ko za ku ji. Wannan ne tsorona, ya fi mini ciwon. Jiya ɗiyar Auta ta zo duba ni, ta iske ɗan Babba a bakin gadona, sai ta tsaya a ƙofa tana jira ya fita. Yaran da aka yi wa wanka a baho ɗaya! Ba su suka yi zaɓe ba, kada ku bar musu wannan gadon.

Allah ya yi muku albarka, ya shirya zuriyarku, ya sassauta zukatanku ga juna. Na yafe muku abin da kuka yi mini, ku ma ku yafe mini. Muƙami zai ƙare, jam'iyya za ta canza suna, amma ciki ɗaya kuka fito. Ku riƙe juna.